Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar Da Bai Yar Da Fartanya Ba

Cikin hotunan marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da suka fi yawo a hannun jama'a akwai wani da ba a ofis aka ɗauka ba. Yana zaune a gonarsa ta Bauchi lokacin hutu, ƴaƴansa ƙanana a gefensa, ana shan rake. A lokacin shi ne Firayim Ministan Najeriya. Duk shekara idan watan Janairu ya zagayo sai hoton ya sake ɓullowa a Facebook, a yaba sauƙin kansa, a yi masa addu'a, a wuce. Ba kasafai ake tsayawa a kan abin da hoton ya tara wuri guda ba: ga malamin makaranta, ga yara, ga gona, ga kuma abin da gonar ta fitar ana ci nan take. Gwamnatin tarayya ta shafe shekaru da dama tana zuba biliyoyin naira a shirin ciyar da ɗalibai domin ta haɗa waɗannan abubuwa huɗu, har yau kuwa ba su haɗu ba.

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke kudu da birnin Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne mai hidima a gidan hakimin Lere. Sunan mahaifiyarsa Fatima Inna. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wani lokaci ya zame masa ado, wani lokaci ya zame masa tarnaƙi. Yana goye aka shiga farin 1913 da yunwar 1914, wadda Kanawa suka laƙaba wa suna Kakalaba. Duk wanda ya tashi a Arewa a wancan zamani ya tashi ne a gidan da ake auna shekara da cikar rumbu.

Karatun allo ya fara yi, kamar kowane yaro Musulmi na lokacinsa. Ya kamata a ɗan dakata a nan, domin tsangaya ita ce makaranta ta farko a ƙasar Hausa da ta san yadda za ta ciyar da ɗalibinta. Da damina almajirai na bin malam gona, su yi shuka, su yi noman farko da maimai, da kaka a yi girbi a kai rumbu. Manyan almajirai su yi itace, ƙanana su ɗebo ruwa, matan malam su tuƙa tuwo, maƙwabta su cika da sadaka da zakkar hatsi. Karatu yana da lokacinsa, da asuba da yamma da dare a gaban wutar kara. Tsarin yana da nasa zalunci idan ya faɗa hannun malamin da ba ya tsoron Allah, amma a asalinsa yaro ya san daga ina lomar da yake kaiwa baki ta fito, domin da guminsa a ciki.

A 1922 aka sa shi makarantar elementare ta garinsu, a 1925 ya wuce makarantar lardi ta Bauchi. Shekarar nan ta 1925 ita ce wadda Ofishin Mulkin Mallaka na Landan ya fitar da takardar manufarsa kan ilimi a ƙasashen Afirka. Sakataren kwamitin da ya tsara ta shi ne Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Takardar ta ɗauko haskenta daga rahoton hukumar Phelps-Stokes na 1922, wanda shi kuma ya kwaikwayi makarantun baƙaƙen fata na Hampton da Tuskegee a Amurka, inda ɗalibai ke noma abin da za su ci, su gina ɗakunan da za su kwana. Manufar ita ce ilimi ya dace da rayuwar karkara. Ta wannan ƙofa gonar makaranta ta shiga jadawalin karatu. A ƙarshen shekarun 1920 aka kafa makarantar horar da malamai a Toro, cikin lardin Bauchi, wadda aka tsara ta kamar ƙauye, masu koyon malanta suna karatu suna noma.

A takarda abin ya yi kyau. Kowane aji da kunyoyinsa, a koya wa yara haɗa taki, da juya shuka tsakanin gyaɗa da dawa da auduga, da awon fili, da rubuta abin da aka shuka da abin da aka girbe. A ƙasa kuwa labarin ya sha bamban. Uban da aka ƙwace wa ɗa da ƙarfin hakimi aka kai shi boko bai ga dalilin da za a raba yaro da gonar gidansu a kai shi ya yi wa Bature noma ba. Wanda kuma ya kai ɗansa da son ransa, ya kai shi ne don ya zama malamin ofis, ya huta da duƙe. A makarantu da yawa amfanin gonar bai taɓa komawa cikin kwanon yaran da suka noma shi ba. Mafi muni, malamai suka mai da fartanya abin horo: wanda ya makara, ko ya kasa lissafi, a tura shi gona. Yaron da aka hora da noma shekara huɗu da wuya ya fito yana ƙaunarsa.

Abubakar bai bi ta hanyar Toro ba. A 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malaman makarantun lardi. Lambarsa 145. A can ya tarar da Ahmadu Rabah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi da shekara biyu. Katsina makarantar gyaran harshe ce da ladabi da wasanni, kuma a nan ya sami Ingilishin da ya sa daga baya Turawa suka riƙa yi masa kirari da mai muryar zinare. Ya gama a 1933 ya komo gida, aka ba shi aji a Midil ta Bauchi.

Shekarun nan na Midil su ne ginshiƙin mutumin, ko da yake masu tarihin siyasa kan tsallake su da sauri. Ya fi shekara goma yana riƙe da alli, har ya kai ga zama hedimasta. Midil makarantar kwana ce, baitulmalin En'e ke ɗaukar nauyinta, don haka shugabanta ba darasi kaɗai yake lura da shi ba. Buhunan dawa nawa suka rage a sito, ko mai kawo itace ya zo, ko tuwon dare zai ishi yara, wane yaro ne ya rame tun dawowa hutu, duk a wuyansa suke. Malamin makarantar kwana ba ya bukatar a karanta masa rahoton masana kafin ya yarda cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A farkon wannan zama ne ya rubuta Shaihu Umar, domin gasar da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya a 1933, aka buga littafin a 1934. An fi tuna shi da labarin bauta da ƙetare Sahara da uwar da ta bi sawun ɗanta. Amma firam ɗin labarin makaranta ce: wani malami a Rauta, kusa da Bauchi, zaune cikin almajiransa da suka zo daga nesa, yana ba su tarihin kansa. Saurayin da Katsina ta yaye, da ya tashi zana malamin kirki, malamin zaure ya zana.

Yaƙin Duniya na Biyu ya iske shi a Midil. Bayan Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane aikin tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, aka kuma riƙa tara hatsi da umarnin gwamnati don ciyar da su. Lardin Bauchi na maƙwabtaka da filin kuzar. Majiya ƙarfi suka bar gonaki, hatsi ya yi tsada, talaka ya ji a jikinsa. A cikin wannan yanayi ne aka kafa dandalin muhawara na Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e ke zama da jami'an Turawa ana tattauna al'amura. Malam Sa'adu Zungur na ciki, haka Malam Aminu Kano, wanda aka turo Midil ta Bauchi a 1942. Su biyun wuta ne. Abubakar mai sanyin magana ne, mai auna kalma kafin ya furta, har abokansa kan ga kamar ya cika haƙuri da sarakuna. Tambayoyin da ake yi a dandalin suka yi wa hukuma zafi, ba a daɗe ba aka rufe shi.

A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, cikin rukunin farko na malaman Arewa da aka tura. Ya dawo a 1946 aka ba shi aikin duba makarantun En'e ta Bauchi. Wannan aiki ya zagaya da shi ƙauyuka, ya ga makarantun karkara yadda suke, ba yadda ake rubuta su a rahoton shekara ba. A shekarar ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma Majalisar Dokoki ta Legas. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a Kaduna ya gabatar da ƙudurin da ya girgiza fadoji, yana neman a sake duba tsarin mulkin En'e gaba ɗaya, a ba talaka bakin magana. Ɗan bawan gidan hakimi ne ke faɗar haka a gaban ƴaƴan sarakuna. Cikin abubuwan da suka biyo baya akwai soke ikon sarki shi kaɗai, aka koma sarki da majalisarsa, da kuma gangamin Yaƙi da Jahilci.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a faɗa game da shi da tsararrakinsa. Abin da ya hana su barci shi ne ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu a ilimin boko. Mulkin kai na tafe, Arewa ba ta da isassun akawuna, balle likitoci da injiniyoyi. A idon wanda ke cikin wannan tsere, duk sa'ar da yaro ya yi a gonar makaranta sa'a ce da takwaransa na Ibadan ya yi yana koyon lissafi. Ƴan boko a faɗin Afirka sun zargi ilimin da aka ce ya dace da karkara da cewa dabara ce ta ajiye baƙar fata a duƙe, kuma zargin ba ya rasa tushe. Saboda haka zamanin da ya karɓi mulki daga Bature bai yi wa gonar makaranta gata ba. An bar ta a jadawali, aka ɗauke mata daraja. Takardar shaida ita ce ta zama rumbu.

Daga nan tafiyarsa sananniya ce. Ministan Ayyuka a 1952, Ministan Sufuri a 1954, Firayim Minista a 1957, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1960 ya karɓi takardun ƴancin kai a Legas, bayan mako guda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya yi wa majalisar dokokin Amurka jawabi a 1961, yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. A zamaninsa layin dogo ya taso daga Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji. Hukumar Ashby, wadda gwamnatinsa ta naɗa a 1959, ta ba da rahoto a 1960 kan ilimin gaba da sakandare, daga nan jami'o'i suka ƙaru.

Ma'aikacin tarayya zai gane wani ƙulli a nan, domin har yau yana fama da shi. Tsarin mulkin 1954 ya bar makarantar firamare da aikin gona a hannun jihohi. Malamin makarantar da ya zama shugaban gwamnatin tarayya ba shi da iko a kan ko da aji ɗaya na elementare a Bauchi. Wannan na Kaduna ne da En'e. Gwaje-gwajen haɗa makaranta da gona da aka yi a zamaninsa a wasu hannuwa aka yi su. Jihar Yamma, wadda ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, ta ga yaran da suka gama suna tururuwa birni ba aikin yi, sai ta buɗe gandayen zaunar da matasa manoma daga 1959, bisa kwaikwayon Isra'ila. Da yawa daga yaran suka gudu. Wanda ya fi kowa nisa shi ne Tai Solarin, da ya buɗe makarantar Mayflower a Ikenne a 1956 tare da matarsa Sheila. A can ɗalibai ke noma, su yi girki, su gasa burodi, su taya gina ɗakunansu, shugaban makarantar kuma yana cikinsu da gajeren wando. Abin da ya raba Mayflower da gonar horo ta zamanin Turawa ƙarami ne a ido: babba yana duƙawa tare da yaro, kuma abin da aka noma a tukunyar makaranta yake ƙarewa. A Tanzaniya, wani tsohon malamin makaranta, Julius Nyerere, ya mai da irin wannan tunani manufar ƙasa a 1967. Abubakar bai ga wannan ba.

Shi nasa noman na kansa ne. Idan ya sami hutu Bauchi yake nufa, ya sauka a gidansa da bai fi na wani babban malamin En'e ba, ya wuce gona. Ba a san shi da gidaje a Ikko ko kamfanoni a ƙetare ba, a lokacin da wasu ministocinsa suka yi suna da facaka. Ana iya cewa ya nuna misali da jikinsa. Ana kuma iya cewa misalin ya tsaya a jikin nasa, bai zama dokar da ta kama na kusa da shi ba. Haƙurin da ya yi masa amfani a aji bai ishe shi ba a rikicin Jihar Yamma, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a 1962, aka ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963. Ƙidayar 1962 da 1963 ta bar baya da ƙura, ƙasar Tibi ta yi bore aka tura sojoji, ma'aikata suka tafi yajin aikin gama-gari a watan Yuni na 1964 kan albashin da tsadar rayuwa ta cinye. Zaɓen 1964 da na Yamma a 1965 suka ƙarasa dagula al'amura. Masu sukarsa na cewa ya ga hayaƙi ya jira wuta, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan an watse, cikin daren 15 ga wata, ana azumin Ramadan, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. Aka kawo shi Bauchi aka yi masa sutura ana shirin ƙaramar salla. Yana da shekara 53.

Bayansa gwamnatoci sun yi ta komawa kan tambayar da zamaninsa ya ajiye. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka umarci makarantu su buɗe gonaki, aka ɗauki ɗalibai aikin gona lokacin hutu. Kuɗin fetur ya sha kan abin. A 2005 aka gwada ciyar da ƴan firamare a wasu jihohi, Bauchi na ciki, amma Osun ce ta riƙe shi da gaske. A 2016 gwamnatin Buhari ta farfaɗo da shi a faɗin ƙasa: ƴan aji ɗaya zuwa uku, kwano ɗaya a rana a kan naira 70, daga baya aka ɗaga zuwa 100. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi, aka shiga bincike. Sunan shirin na nufin abincin da aka noma a gida, wato a saya daga manoman yankin, matan unguwa su dafa. Ya jawo yara aji, ya ba mata da yawa sana'a. Amma yaro a cikinsa mai miƙa kwano ne kawai. Ranar da kuɗi suka makale a Abuja, mai dafa abinci ba ta je kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ba, tukunya ta kife, makarantar kuma ba ta da ko kunya ɗaya ta alayyafo da za ta jingina da ita.

Ba wanda zai ce ɗan aji biyu ya noma abin da zai ci, kuma gonar makaranta ba za ta taɓa ɗauke wa gwamnati nauyin hatsi ba. Wahalhalun ma a bayyane suke. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da gona ke neman hannu. Da rani sai da rijiya. Filayen makarantu da yawa a cikin birni an yanka su an yi shaguna, wanda ya rage kuma ba katanga, awakin unguwa ne za su riga yara girbi. Abin da ƴan aji huɗu zuwa shida za su iya shi ne lambu: zogale, kuɓewa, yakuwa, albasa, tumatir, abin da zai gyara miya, su auna da hannunsu, su rubuta, su taya wankewa da yankawa, su ci. Wannan kuwa aikin hedimasta ne da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ba na ma'aikatar tarayya ba, kamar yadda yake tun 1954.

Kabarinsa na cikin birnin Bauchi, a ginin da aka buɗe wa jama'a a 1979. Mai ziyara yana bi ta wani lungu mai duhu kafin ya fito fili inda kabarin yake, ba rufi a samansa. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye ƴan kayayyakinsa. Jami'ar tarayya da ke garin ta ɗauki sunansa a 1988, tana kuma da tsangayar aikin gona. Cikin masu yawan zuwa kabarin akwai ƴan makaranta, ana kawo su a motoci cikin kayan makaranta, malami na gaba yana yi musu bayanin mutumin da hotonsa ke jikin naira biyar.